Fom Ɗin Da Ya Haɗiye Amsar Malama

Ku matso kusa, masu karatu, yau bakina ya ƙi rufuwa. Waɗanda suka yi ta rubuto min "Baba Tela ka yi haƙuri, Allah bai nufa ba," na gode ƙwarai, amma kowa ya zo ya kwashe jajensa tukuna. Wanda kuma yau ya fara leƙo mu, bari in gaya masa inda aka kwana.

Ni tela ne, shekara talatin da huɗu ƙafata na kan keke. Matata ta rasu shekara shida ke nan. 'Ya'ya duk sun kama gabansu sai Auta, wadda ta karanci kwamfuta. Ita ce ta yi wa shagonmu fom a waya: mutum na zaune a ɗakinsa zai rubuta awonsa, kafaɗa kaza, hannu kaza, tsawo kaza, ya danna wani koren madanni, oda ta faɗo mana. Sai kuma Malama, shugabar wata ƙaramar makaranta da ke bayan asibiti, wadda nake ɗinka wa ɗalibanta yunifom. Ita ma mijinta ya rasu. Shekara biyu ina kai mata kaya da ƙafata, alhali Auta na iya kaiwa. Masu hankali sun gane, marasa shi kuma su tambayi na kusa da su.

Ranar Litinin ta wancan makon na yi ta maza. Na ajiye ƙunshin yunifom a kan teburinta, na gyara hula, na ce, "Malama, ni ba yaro ba ne, ke ma ba yarinya ba ce, ba zan tsaya kewaye-kewaye ba. Da aure nake son ki."

Ta sunkuyar da kai. Biro uku ne a gabanta, ta shiga jera su tana sake jerawa. Nan wayon tsufa ya zo min, na ce, "Kada ki ba ni amsa yanzu. In kin amince, ki turo odar riga guda ta fom ɗinmu, da awonki. In ba ki amince ba, kada ki turo komai. Ni ba zan ƙara ɗaga maganar ba, ke ba za ki ji nauyina ba, yunifom kuma ba zai fasa zuwa ba."

Na fito ina yaba wa kaina, har da ɗan fito a hanya. Wai ni mai dabara, na rufa wa kowa asiri. Ku riƙe wannan dabarar tawa, za ku ga inda ta kai ni.

Kwana goma sha biyu babu odar Malama. Wayata ta yi ƙara in zabura, in duba, sai in ga wani ƙato ne ke son a rage masa ƙafar wando. Na ɗinka aljihu a juye har sau biyu, abin da ban yi ba tun ina koyo. Shayi ma ya daina min daɗi.

Ga kuma Yaya a wuyana. Yayata ce uwa ɗaya uba ɗaya, ita ta goya ni, har yau kuma ba ta sauke ni ba. Tana da wata ƙawa mai sayar da labule da ta daɗe tana min tallarta. Da na ce ina da inda nake nema, ta ce wace ce, na ƙi faɗa. Sai ta ɗaga min yatsa ta ce, "Na ba ka zuwa Asabar. In babu labari, ƙarfe huɗu zan zo da mota mu je ka gaishe da ƙawata. In kuwa ka taka gidan nan, magana ta zauna, don ba za ka kunyata ni da furfurata ba." Na ce na ji. A lokacin ai ina ganin amsa na hanya.

To, Asabar ɗin ce ta wayi gari.

Wajen ƙarfe goma ina kan keke, fuskata a murtuke, sai ga wani dogon mutum ya yi sallama. Zai yi shekara talatin da biyar, farar riga ta sha guga, gilashi siriri, takalmi na sheƙi. Bai kalli yadi ba. Shagon ya bi da kallo, daga silin har ƙasa, ya kama wata riga da ke rataye ya juya cikinta yana duba ɗinkin. Na ce a raina, wannan ko mai duba gari ne?

Ya ce, "Kai ne Baba Tela?"

Na ce, "In ba a canza ni cikin dare ba."

Ya zaro wata 'yar waya daga aljihu, tsirara ba ko riga, ba ta kai tafin hannunsa ba. Ya ce, "Fom ɗinku na da matsala. An cika komai, amma babu inda za a danna a aika."

Ku yi min adalci, masu karatu. Mutumin da aka ƙi, ga wa'adin Yaya saura awa shida, shi za a zo wa da ƙorafi? Ko karɓar wayar ban yi ba. Na ce, "Ɗan nan, mutum ɗari sun aiko lafiya lau. Matsalar daga wajenka take. Wannan ai akwatin ashana ce. Je ka sayi waya irin ta mutane."

Ya daɗe yana kallona. Sai ya yi wani murmushi da gefen baki ɗaya, ya mayar da ita aljihu, ya ce, "To. Masu ƙaramar waya ba mutane ba ne ke nan. Na ji, Baba. A tashi lafiya."

Na ci gaba da taka keke ina ƙunƙuni. Layi ɗaya, layi biyu. A tsakiyar na uku ƙafata ta tsaya da kanta.

Odar makaranta kullum daga babbar kwamfutar ofis take zuwa, wadda ke tsakiyar ɗaki, malamai na wucewa ta bayanta. Mace mai kamun kai irin Malama za ta zauna a nan ta rubuta faɗin kafaɗarta? Ina! A wayarta za ta yi, a ɗakinta, ƙofa a rufe. Wayarta kuwa na san ta. 'Yar mitsitsiya ce mai jar riga da zanen fure, in ta dunƙule hannu ba ka ganinta.

Na miƙe har kujera ta kifa. "Auta! Ke Auta!"

Tana ɗakin baya inda muke ajiye yadi, ta ɗora kwamfuta a kan teburin yanka, ɗankwali ya zame gefe, abin ji a kunne, kofin shayi kusa da almakashina da na hana a matsa. Ta cire guda ɗaya ta ce, "Baba, gobara ce?"

"Ta fi gobara. Fom ɗin nan naki, in waya ƙarama ce, ya yake fitowa?"

"Yadda yake fitowa a kowace mana."

"Kin gani da idonki?"

Sai ta jawo kwamfutar, ta yi 'yan danne-danne, ta kama gefen fom ɗin ta matse shi har ya koma kamar faɗin 'yar wayar nan. Na sunkuya a kanta, numfashina na kaɗa mata ɗankwali.

Wayyo, masu karatu! Guraben awo da ta jera bibbiyu, kafaɗa kusa da hannu, ƙirji kusa da ƙugu, duk na dama sun fice waje, rabinsu kawai ake gani. Koren madannin kuwa, da yake can ƙasa a kusurwar dama, ko ƙyallinsa babu. Ta gwada jan shafin sama, ya ƙi motsi. Ta taɓa gurbi guda, allon haruffa ya taso ya rufe rabin abin da ya rage.

Ta dafe kai. "Innalillahi. Baba, na gwada shi fa. A wayata, a taka, da a kwamfuta."

"Duk manya?"

"Duk manya."

Na ce, "Auta, kin auna ƙattai uku kin yanka wa duniya riga. Shekara nawa kina ganina ina ɗinka wandon yunifom? Yara ɗari biyu, kin taɓa ganin na bi su da tef ina auna ƙugun kowa? Roba nake sawa a baya. Siriri ya sa ta kama shi, mai tumbi ya sa ta buɗe masa. A ƙafa kuma in bar kalmasa mai faɗi, in yaro ya yi tsawo a warware. Ke ina robar taki?"

Ta ɗago tana kallona kamar yau ta fara ganina. Ta ce, "Wallahi ita ce babu. Lamba na rubuta masa, na ce faɗinka kaza, tsawonka kaza, ko a ina ka samu kanka. Kamata ya yi in ce ya bi faɗin wayar da ya tarar."

"To sa masa. Minti nawa?"

"Baba, ba wando ba ne."

"Na ce minti nawa?"

"Ka ba ni awa biyu, kuma ka daina hura min wuya."

Na jawo kujera na zauna, ban matsa ko taku ɗaya ba. Tana aiki tana faɗa min, ni kuma ina mayar da shi yaren tela don ya zauna min. Ta goge lambobin nan, ta ce yanzu faɗi zai bi jikin waya. Na ce roba ta shiga. Ta ce in wuri ya yi ƙunci, guraben su daina tsayawa kafaɗa da kafaɗa, su bi layi ɗaya ƙarƙashin ɗaya. Na ce haka ake shimfiɗa yanka in yadi ba shi da faɗi, a bi tsawo. Ta saki shafin yadda zai riƙa tafiya sama da ƙasa. Gurbin ƙarin bayani, wanda da layi ɗaya kawai yake nunawa, ta ce yanzu zai riƙa buɗewa gwargwadon maganar mutum. Na ce kalmasa ke nan.

Sai ta shiga satar kallona.

"Mene ne?"

"Baba, akwai abin da ya cinye kashi ɗaya cikin uku na fuskar wayar. Shi ya fara tura madannin waje."

"Wane ɗan banzan abu ne?"

Ta nuna da yatsa. Hotona ne. Ni ne a saman fom ɗin, tef a wuya, almakashi a hannu, ina murmushi kamar mai neman ƙuri'a.

Na ce, "Cire shi."

"Kai da ka ce in ƙara masa girma har sau biyu? Ka ce kwastoma na son ganin fuskar mai shago?"

"Auta, cire shi kafin in cire ki."

Ta yi dariya har da buga tebur. Ba ta cire shi duka ba, ta ce a babbar fuska zai fito yadda yake, a ƙarama kuma ya koma ɗan mitsitsi a gefe kamar tambarin aljihu. Koren madannin kuma ta kafe shi a gindin fuskar waya, ta ce ko haruffa sun taso zai hau kansu ya zauna, ba mai sake ɓoye shi.

Da ta gama ta kama gefen fom ɗin tana ja tana saki. Ya buɗe, guraben suka koma bibbiyu. Ya matse, suka bi layi. Madannin na nan daram. Na ce, "Sake ja!" Ta sake. Na ce, "Ƙara!" Wallahi sai da na tafa kamar yaro.

Ta ce a kwamfuta ne wannan, sai an gwada a ƙaramar waya ta gaske, don kuskuren da ta yi da farko ke nan. Na fita da gudu babu takalmi ɗaya, na faɗa shagon maƙwabcina mai aski. Yana tsakar yi wa wani gyaran fuska na zare wayarsa daga caji.

Ya ce, "Tela, lafiya? Ko zare ya ƙare a duniya?"

Na ce, "Ci gaba da yankan mutane, yanzu zan dawo."

A wayar mai aski, mai tsagaggen gilashi, fom ya zauna ɗas kamar an auna. Na cika shi da awon ƙarya, na danna kore da babban yatsana, kwamfutar Auta ta ce ƙil. Ban taɓa jin ƙara mai daɗin wannan ba.

Sai wani tsoro ya kama ni. Na ce, "Waɗanda suka cika a baya fa? Abin da suka rubuta ya ɓace?"

Ta ce, "A'a, wannan dai na yi shi daidai. Yana ajiye a wayoyinsu. Su buɗe kawai su danna."

Ƙarfe biyu da rabi ta tura wa duk kwastomominmu saƙo: "Assalamu alaikum. Mun gano fom ɗinmu ba ya nuna wurin aikawa a ƙananan wayoyi. Laifinmu ne, mun gyara. Duk wanda ya cika bai ji daga gare mu ba, odarsa ba ta iso ba. Ya sake buɗewa ya danna kore. A yi mana afuwa."

Ni na sa ta ƙara "laifinmu ne." Ta kalle ni ta gefen ido ta ce, "Baba, tsakaninka da Allah, odar wa kake jira?"

"Kishin kasuwa nake."

"Kishin kasuwa ne ya sa ka fita da takalmi ɗaya?"

Ƙil! Na zabura. Wani mai gadi ne, wando biyu. Ƙil! Wata mata, rigunan yara uku, har da faɗa a gurbin bayani, wai sati uku tana zaginmu a zuci. Ƙil! Ƙil! Oda bakwai da suka maƙale suka zubo, Auta na murna, ni ina jin kamar ana zare min jijiya ɗaya-ɗaya. Uku ta yi. Uku da rabi ta wuce. Na fara gaya wa kaina gaskiya: wataƙila fom ya gyaru, amma shirun Malama shiru ne na gaske.

Huɗu saura kwata ƙamshin turaren Yaya ya riga ta shigowa. Ta sha leshi ruwan zuma, mayafi mai duwatsu, jaka a hammata, da wata sabuwar hula a leda.

Ta ce, "Ina labari?"

Na sunkuyar da kai.

"Na sani. Tashi ka canza riga, ga hula, wannan ta kanka kamar an yi dambe da ita. Direba na jira."

Na shiga bayan labule. Na sa hannu ɗaya a riga ke nan na ji ƙil. Auta, da ke karanto odar da ƙarfi tun ɗazu don in rubuta a littafi, ta ci gaba da abinta.

"Doguwar riga guda. Kafaɗa sha biyar, hannu ashirin da uku, tsawo hamsin da shida. Kalar yadi, mai ɗinki ya zaɓa. Suna..." Ta tsaya. "Baba. Malama ce. Malamar yunifom."

Na yaye labule na fito, hannu ɗaya a riga, ɗaya a waje, singileti a bainar jama'a. "Kawo nan! Kada ki karanta!"

"Akwai ƙarin bayani, kuma da tsawo."

Yaya ta sa jakarta ta tare min ƙirji. Ta ce, "Karanta, 'yata. Da ƙarfi, kunnena ya fara nauyi."

Auta ta karanta, muryarta na rawa don dariya da mamaki:

"Na amince.

"Wannan layin na sama kwanansa goma sha biyu a wayata. Na rubuta shi ranar da ka zo, bayan an tashi yara. Na danna wata alama a kan haruffa, na ɗauka ya tafi. Na yi ta jira, har na ce a raina tela ya sake aunawa ya ga yadin bai yi masa ba. Jiya babban ɗana ya ga na yi zuru-zuru, ya matsa min, ya karɓi wayar, shi ya gano saƙon bai fita ba. Yau da safe ya cire mata riga ya zo da ita shagonka, wai yana so ya ga irin mutumin. Ya ce ka kira ta akwatin ashana. Ya ce ka ce masu irinta su je su sayi ta mutane. Ni amsata tana nan yadda take. Amma shi ne babba a gidan yanzu, ya ce sai ya ji daga bakinka. Ya ajiye maka kujera, ƙarfe biyar."

Masu karatu, kun taɓa jin daɗi da tsoro sun shige ku ta ƙofa ɗaya? Ta amince! Tun ranar farko ta amince! Na ji kamar in ɗaga keken ɗinki in yi rawa da shi. Sai kuma fuskar dogon nan ta faɗo min, da murmushinsa na gefen baki, na zauna a kan bandir ɗin yadi.

Yaya ta zauna ita ma. Ta kalle ni sama da ƙasa.

"Shugabar makaranta?"

"Ita."

"Kai da aji huɗu ma da ƙyar aka riƙe ka?"

"Ni ɗin."

"Kuma ka zagi ɗanta, da wayarta a hannunsa?"

"Ban san shi ba ne, Yaya."

Ta fashe da dariya har mayafinta ya zame, tana share ido da gefensa. Na ce, "Ƙawarki fa?" Ta ce, "Kai dai ka cika yaro. Ce mata na yi labule za mu zo gani. Ka taɓa ganin na yanka kafin in auna? A gidanmu kai kaɗai ne mai wannan halin." Ta miƙe ta gyara jaka. "Sa ɗaya hannun rigar. Motar da ta zo kai ka can, ita za ta kai ka nan. Ni zan shiga gaba, bakinka ya yi aikin da ya ishe shi yau."

Kafin mu fita na hau kujera na sauko da wani yadi daga saman kantar shago, shuɗi mai duhu da ɗan zare na azurfa a baki. Tun ranar Litinin ɗin nan na saye shi na ɓoye a bayan yadin yunifom. Auta ta gani, ta riƙe baki ta ce, "Kishin kasuwa!" Na ce ta rufe shago ta rufe bakinta.

A mota ina ta haɗa maganar da zan faɗa, in ɗinka in farke. Yaya na gaba tana ba direba labarina tun daga yaye. Muka wuce asibiti, muka wuce makarantar, muka shiga wani layi mai bishiyoyi. Biyar saura minti uku motar ta tsaya a gaban wata koriyar ƙofa.

Yana tsaye a bakinta. Farar rigar nan, gilashin nan. A tagar da ke bayansa na ga labule ya motsa, na ga gefen wani farin mayafi ya ja baya da sauri, na ƙanƙame yadin a ƙirjina.

Ya gaishe da Yaya har ƙasa. Sannan ya miƙe, ya sa hannu a aljihu a hankali, ya zaro ta. An mayar mata da jar rigarta mai fure. Ya ɗora ta a tafin hannunsa, ya miƙo min ita har gaban hancina.

Ya ce, "Sannu da zuwa, Baba. Kafin ka shiga, ga akwatin ashana. Ita za ka fara ba wa haƙuri, ina ji."

Na gyara sabuwar hulata, na miƙa wa Yaya yadin ta riƙe min, na tattara rigata, na durƙusa.